Uwar da ta ɓoye sunanta, da 'yar da ta girma tana nema

Rakiya: Salamu alaikum. Wata magana ta tsaya min a rai tun jiya. A nan Faransa doka ta yarda mace ta shiga asibiti ta haihu ba tare da ta faɗi sunanta ba. Suna ce masa haihuwa a ƙarƙashin X. Ana ba ta wata biyu ko za ta sake shawara. In suka wuce, hukuma na iya miƙa jaririn ga wasu su mayar da shi ɗansu a kotu. Abokiyar aikina haka aka haife ta, shekararta 41 yanzu. Ta nuna min abin da aka ciro mata daga fayil ɗinta: takarda ɗaya tal, an rubuta shekarun uwar, tsayinta, launin gashinta, da cewa tana son ɗinki. Ta lanƙwasa ta huɗu tana yawo da ita a jaka. Ni dai na ce zalunci ne. Babu uwar da ke da haƙƙin ɓoye wa ɗanta asalinsa har abada.

Hajiya Asabe: Wa alaikumus salam. 'Yata, bi a hankali. Shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa. Ban manta wanda aka kawo mana da asuba cikin kwalin taliya ba, an tsince shi bayan kasuwa, cibiyarsa ɗaure da zaren buhu, tururuwa ta riga ta hau shi. Bai kai azahar ba. Da yarinyar da ta haife shi ta san akwai ƙofar da za ta shiga ba a tambaye ta 'yar gidan wa ce ba, da a kan gado za ta sauka. Sai yaro ya rayu tukuna yake tambayar asalinsa.

Malam Habu: Hajiya, Allah ya saka miki. Amma nasaba ba abin wasa ba ce. Suratul Ahzab, aya ta 5, ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma da ita aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da ɗan Muhammadu, alhali a hannun Annabi (SAW) ya tashi. Dubi riƙon da muke yi: a ba goggo yaro, ya girma a ɗakinta, ta aurar da shi, amma ya san cikin da ya fito. Gobe in ya tashi aure, wa zai tabbatar masa ba ƙanwarsa yake nema ba?

Hajiya Asabe: Malam, addinin nan dai shi ya yi umarni da rufin asiri. Kuma wasu cikin matan nan fyaɗe aka yi musu.

Sani: Maganar ta je kotu. Wata 'yar Faransa, Pascale Odièvre, ta gano tana da 'yan'uwa maza da ba ta taɓa gani ba, aka hana ta sunayensu, ta kai ƙasarta ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. A 2003 alƙalai 10 suka ce Faransa ba ta yi laifi ba, 7 suka ƙi. Abin da ya taimaki Faransa shi ne dokar 2002 da ta kafa CNAOP, hukumar da ke taimaka wa waɗanda aka haifa a ƙarƙashin X neman asalinsu. Ana roƙon uwa ta bar sunanta cikin ambulan a manne. In ɗan ya nema, hukumar ta nemo uwar a asirce ta tambaye ta. Ta ce a'a, magana ta mutu. Nan ne alƙalai bakwai ɗin suka tsaya: in a'ar mutum ɗaya ce ke yanke hukunci, to ba a auna haƙƙi biyu ba. Ni ina tare da su. Sanin suna daban, ƙwanƙwasa ƙofa daban. A Ingila tun dokar 1975 wanda wasu suka mayar ɗansu a kotu, in ya kai shekara 18, yana iya karɓar takardar haihuwarsa ta asali. Ailan ta bi a 2022, daga shekara 16; uwa na iya rubuta cewa ba ta son a tuntuɓe ta, a sanar da ɗan, amma sunan ana ba shi.

Hajiya Asabe: A zamanin Facebook suna ai shi ne adireshi. Matar nan ta yi aure, ta haifi wasu, mijinta bai sani ba. Hukuma ta yi mata alkawari ranar da take cikin jini. Alkawari kaya ne, Sani.

Rakiya: Mama, alkawarin a kan wa aka yi shi? A kan wadda ba ta iya magana ba lokacin. Duk sanda likita ya tambayi abokiyata ko akwai mai ciwon daji a danginsu, sai ta ce ban sani ba, ga 'ya'ya mata biyu tana da su. Kuma asirin ma ya daina rufuwa. Faransa ta hana gwajin DNA na ganin dama, tarar ta kai Yuro 3,750, amma mutane suna yin oda daga waje, su tofa yawu a kwalba su aika. Sai a haɗa mutum da ɗan kawunsa, labari ya bi dangi kafin ya iso kunnen uwar. Wannan ne tonon asirin da ya fi ciwo.

Sani: Shi ya sa tsarin Jamus na 2014 ya fi kwanta min. Mace ta haihu da sunan aro, amma dole a rubuta na gaskiya a ajiye a hukuma. Yaro ya kai 16 ya duba. In uwa ta ƙi, kotun iyali ce ke sauraron dalilinta ta yanke.

Hajiya Asabe: To yarinyar da tsoro ya cika wa ciki za ta yarda ta rubuta? A Jamus ɗin har yau akwai akwatunan ajiye jarirai a jikin asibitoci. Rakiya, abokiyar taki ta nema ta hannun hukumar?

Rakiya: Ta nema. Sun samu uwar da ranta, ta ce a'a. Abokiyata ta ce ba gado take so ba, ba ta ma nemi su gana ba. So take ta ji ko uwar ta ɗauke ta a hannu kafin ta tafi.

Hajiya Asabe: Innalillahi. Akwai wadda ta sulale mana daga ɗakin masu jego cikin dare. Da safe muka tarar da jaririyar ta ƙoshi, an naɗe ta da mayafin uwar, ita ta fita ba mayafi. Na ajiye shi a cikin kayan yarinyar, na roƙi waɗanda suka karɓe ta kada su yar. Ki tambayi abokiyarki ko an bar mata wani abu a fayil ɗin ban da takardar.