Neman Shawara Kan Bindigar Da Na Gada Daga Mahaifina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin harkar bindigogin farauta da na wasan harbi a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa.

Da aka raba gado a gidanmu da ke Gwale a Kano, sai bindigarsa ƙirar Brno, wadda aka ƙera a Cekoslobakiya, mai cin ƙaramin harsashin .22, ta faɗo a kasona. Lasisinta yana ɗauke da sunansa, kuma Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum riƙe irin wannan bindiga ba tare da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ba. Shin zan fara miƙa ta ajiya a hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai kafin in nemi lasisi da sunana, kuma waɗanne takardu ake buƙata daga magada?

Abu na biyu ya fi damuna, domin hannun mahaifinmu ne ya goge katakon bindigar nan har ya yi sheƙi. Hunturun bana ya tsaga shi daga wajen kunamar bindigar, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa, sannan damina ta bar ɗigon tsatsa a bakin bututun. Na shafa man keken ɗinki, amma tsatsar tana dawowa. Ba na son kafinta ya ɗaure tsagar katakon da ƙusa. Wane mai da wane gam ya dace da katakon, kuma akwai mai gyara mai rajista a Kano da za ku ba ni amanarsa?