Taƙaitawa: saƙonnin da ke dawowa, da kuma saurin tura wasiƙar labarai ta imel

Jama'a, zancen da aka yi kan yadda mai tura wasiƙar labarai zai yi da saƙonnin da ke dawowa ba su isa ga masu karɓa ba, da saurin da ya kamata ya riƙa turawa, ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A ware akwatin imel guda na saƙonnin da suka dawo, a sa adireshinsa a Return-Path (layin da ke faɗin inda za a mayar da saƙon da bai isa ba), manhajar tura wasiƙar ta riƙa leƙa shi ta POP3 (hanyar ɗauko imel daga akwati). Masu amfani da manhajar tura wasiƙa ta phpList sun ce a ɗora wa cron (tsarin da ke gudanar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa) aikin, kada a bari sai an tuna.
2. A lambobin da sabar imel ke bayarwa idan ta ƙi karɓar saƙo, 550 galibi tana nufin adireshin ya mutu, a cire shi nan take. Masu farawa da 4, irin 421, cikas ne na ɗan lokaci, sabar za ta sake gwadawa.
3. Tun Fabrairun 2024, Gmail na neman SPF da DKIM da DMARC (hanyoyin tabbatar da ainihin mai tura saƙo) daga mai tura saƙo 5,000 a rana, kuma koken masu karɓa cewa saƙon banza ne kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari.

Inda aka rabu shi ne sauri. Masu ƙaramin hostin (hayar wuri a sabar wani kamfani) sun ce a tambayi iyakar saƙonnin da kamfanin ya yanka a awa, a tura ƙasa da ita, don sauran imel na shafin, irin na sauya kalmar sirri, su samu hanya. Wasu suka ce wahalar banza ce, a koma Amazon SES, tsarin tura imel na kamfanin Amazon. Sai aka tuna musu cewa SES na sa ido idan dawowa ta kai kashi 5, yana iya dakatar da asusu a kashi 10. Ni dai ina ganin tsohon jerin adireshi sai an tace shi kafin ƙaura.

Sau nawa cikas na ɗan lokaci zai maimaitu kafin a cire mutum? Wasu uku, wasu biyar, ba a tsaya kan ɗaya ba.