Gezar dokina ta yi tsawo ta cukurkuɗe, in aske ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar dawaki, don Allah shawara nake nema. Ina da wani ingarma akawal, wato baƙin doki, da na gada wajen Baba, Allah ya jiƙansa, shekararsa 8, gezarsa ta sauko har kafaɗa ga kauri kamar tsintsiya. Da kakar nan yaron da ke kula da shi ya riƙa kai shi kiwo bayan gari, ƙarangiya da ƙashin yawo suka cika gezar, yanzu ta dunƙule wuri uku kum baya shiga, har na karya guda biyu. Ga shi sai goga wuya yake a jikin katanga har tsakiyar ta fara gwaiguyewa. Wani abokina ɗan folo ya ce in sa kilifa in kwashe ta tas in huta, to amma saura wata 2 Sallah kuma da shi nake hawa a tawagar hakiminmu, Hajiya ma ta ce in na taɓa gezar nan ba ni ba ita don tsohon bai taɓa sa mata almakashi ba. Ya zan yi?

Ɗan Barga:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka aske, wallahi za ka yi da na sani. Gashin geza a wata ɗaya da ƙyar yake ƙara inci guda, wani dokin ma bai kai ba. In ka kwashe yanzu ranar hawa za ka fito da doki gezarsa a tsaye cirko-cirko kamar ta jaki, kuma kafin ta dawo ta kwanta gefe sai ka shekara ko fiye. Ka sa kayan ado masu tsada irin su ɗan kai da jalala a kan dokin da ba geza, ai an yi ba a yi ba.

Mai Kili:
Shi abokin naka ba laifinsa ba ne, su 'yan folo dole ce ta sa. Je ka filin folo na Kano ko Katsina ko Kaduna ka gani, duk dokin da zai shiga wasa a aske yake kuma an naɗe masa wutsiya, saboda kar gashi ya sarƙe da linzami ko sanda ana tsakar gudu. Kai kuma ba ƙwallo za ka bi ba, ado za ka yi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tsohon Barde:
Yaro, na fi shekara 40 ina hawa, ban taɓa ganin dunƙulen da man kaɗe da haƙuri suka kasa warwarewa ba. Ka narka man kaɗe ko ka samu alayyadi, ka shafe wurin sosai da yamma ka bar shi ya kwana. Da safe ka zauna da yatsunka, ba kum ba, ka fara daga ƙarshen gashin kana hawa sama kaɗan-kaɗan, kana zare ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya. Dunƙule ɗaya a rana ya isa, in ka matsa masa zai fara kaɗa kai ya tsani a taɓa masa wuya. Bayan ta warware ka wanke da sabulu, ta bushe, sannan ka yi mata kalaba manya guda 6 ko 7, sakwa-sakwa daga gindi. Kar ka ɗaure tamau, in ya sunkuya cin harawa gashin ne zai tsittsinke. Duk sati ka kwance ka sake. Kuma ka ji maganar mahaifiyarka.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To in ta warware kuma tsawon fa? Don ko a kilisa hannuna na shiga cikinta, ranar nan saura kaɗan linzami ya kuɓuce mini.

Ɗan Barga:
Wannan ragewa za ka yi ba yankewa ba. In ka sa almakashi ka yanke ta a miƙe za ta yi kauri a ƙasa ta riƙa tashi, ba kyan gani. Abin da muke yi, bayan an dawo daga kilisa jikinsa da ɗumi gashi ya fi saurin fita, sai ka kama dogayen da ke ta ƙarƙashi 'yan sili kaɗan, ka tura sauran sama da kum, ka naɗe su a kum ɗin ka fizge da sauri. Kullum kaɗan, cikin sati biyu za ka ga ta yi shara-shara ta kwanta. Wani dokin baya yarda sam, in naka ya fara tirjiya ka haƙura ka tsaya a kalaba. Wurin da ya halatta ka sa almakashi shi ne bayan kunne inda igiyar linzami ke zama, kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku. Gashin goshi kuma kar ka kusance shi, da shi yake korar ƙuda daga ido.

Likitan Dabbobi:
Duk kun yi maganar ado amma ni abin da ya tsaya mini shi ne gogar wuyan nan. Doki baya goga wuya haka kawai. Ka buɗa gashin har fata da rana tsaka ka duba, in ka ga ƙananan abubuwa suna motsi ko ƙwai fari-fari manne a gindin gashi to ƙwarƙwata ce, ka duba kaska ma har cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya. In fatar ta yi kauri tana ɓarewa zai iya zama ƙirci, wannan sai an kankaro an duba. Kuma don Allah kar ka ɗauko maganin kaskar shanu ka watsa masa, akwai mai sinadarin amitraz a ciki wanda yake tsayar wa doki da hanji, ana rasa doki a kan haka. Baƙin mai na mota da wasu ke shafawa shi ma ƙona fata yake. In ƙwarƙwata ce a wanke shi da maganin da likita ya ba ka, a maimaita bayan sati 2 don ƙwan da zai ƙyanƙyashe, kum da buroshi da abin da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi duk a wanke su.

Mai Kili:
Likita ya faɗi gaskiya, nawa haka ya yi bara ina ta zargin ƙarangiya ashe ƙwarƙwata ce ya kwaso wajen wani doki da muka ɗaure su turke kusa da turke.

Mai tambaya:
Innalillahi, Likita yanzu na fito daga wajensa da tocilan, na buɗa wurin da ya gwaiguye ga su nan fari-fari manne a gindin gashin. Kuma jiya-jiyan nan yaron yake ce min a sayo na shanu a kasuwa. Kilifa dai na fasa, man kaɗe Hajiya ta ce tana da shi. Gobe da safe in sha Allah zan kira likitan da ke duba mana su, amma wanne zan fara, wankin maganin ko warware dunƙulen?