Neman kalmar Hausa: me za mu kira chakara?

Mai Shirin Asabar: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agaji kafin yammacin Juma'a, don ranar Asabar nake gabatar da shirin tsofaffin finafinan Indiya a rediyo. Na wannan makon shi ne Chemmeen, fim ɗin 1965 na harshen Malayalam, wanda Ramu Kariat ya shirya daga littafin Thakazhi Sivasankara Pillai na 1956. Sunan fim ɗin bai ba ni wahala ba, jatan lande ke nan. Inda na maƙale shi ne chakara. A gaɓar tekun Kerala, wajen Alappuzha, idan damina ta kankama daga watan Yuni teku kan haukace, ƙananan jirage ba sa iya fita. Sai a wani yanki laka ta taso ta gauraye da ruwa, igiya ta mutu, wurin ya kwanta, kifi da jatan lande su taru. Masunta daga ƙauyuka su yo ca a kai. Har waƙa guda aka yi wa abin a cikin fim ɗin. Ina son kalma ɗaya ko biyu da mai sauraro zai gane ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Ɗan Yawuri: Wa alaikumus salam. Su mana. Abin da ake kira su ke nan, jama'a su faɗa ruwa gaba ɗaya.

'Yar Sabon Gari: Su aikin mutane ne, Yaya. Wannan kuwa ruwan ne ke yi da kansa, mutane su biyo baya. Ni dai kakar kifi na gani. Lokaci ne da ake jira shekara guda, a biya bashi, a yi aure, a sayi kaya. Manomi na jin kaka ya san me ake nufi.

Mai Shirin Asabar: Maganar bashi da aure da kika kawo ita ce ƙashin bayan labarin. Chembankunju, wanda Kottarakkara Sreedharan Nair ya fito a matsayinsa, masunci ne da ba shi da jirgin kansa. Ya karɓi kuɗi hannun Pareekutty, saurayi Musulmi mai fataucin kifi, bisa alkawarin shi zai riƙa sayar wa kamunsa. Da jirgi da taru suka samu, kuɗi suka shigo, sai ya juya masa baya, yaron ya karye. Ita kuma 'yarsa Karuthamma, wadda suke son juna da Pareekutty, aka aurar da ita ga Palani, maraya daga wani ƙauye. Ina son mai sauraro ya ji cewa yalwar ce ta tona halin uban.

Malam Tsohon Hedimasta: Ɗana, kada ka yarda da kakar kifi. Ta faɗi yawan kifi, ta bar lafawar ruwa, alhali nan abin mamakin yake. Hausa na da hanyar ƙirar kalma: faɗi-tashi, cika-ciki, tattaɓa-kunne. A bisa wannan nake ba ka lafa-bahar. Ka sa ta a iska sau uku, za ka ji ta a bakin mutane.

Ɗan Yawuri: Malam, da girmanka, wa ke cewa bahar in ba Bahar Maliya ake nufi ba? Teku kowa ke cewa.

Malam Tsohon Hedimasta: Bahar ce a littattafan magabata. Ku yaran yanzu ba ku karanta su ba ne.

Bamaraɗe: Bahar dai Larabci ce, Malam, ko a nan Maraɗi mun san haka. Idan aro halal ne, to a ari ta masu abin kawai, a rubuta cakara da harafinmu. Haka muka yi wa fim da rediyo, ba wanda ya mutu.

Hajiya Mai Magani: A'a, kada ku soma. Cakara tana nan a Hausa tun tuni. Tsiro ce ta daji mai babbar saiwa a ƙasa, mai ƙaiƙayi, sai an sha wahalar wanke ta kafin ta ciyu, kuma a shekarar yunwa ake nemanta. Ka ce a rediyo cakara ta zo masunta suna murna, tsofaffi a karkara za su ɗauka fari aka yi.

Mai Shirin Asabar: Allah ya saka da alheri, Hajiya. An rufe ƙofar aro ke nan.

Malam Tsohon Hedimasta: Saura lafa-bahar.

Kabawa Ikon Allah: Abin da ke ba ni haushi shi ne mutanen Kano su zauna a tudu suna ƙera wa ruwa suna. Ku zo Argungu ku tambayi Sarkin Ruwa. Kayan kamun kifi irin su homa, gora, birgi, taru, mamari, duk muna da su. Tun 1934 ake bikin su a kogin Matan Fada, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Hausar ruwa tana Kabi, amma kullum ta Kano ake kira daidaitacciya.

'Yar Sabon Gari: To Baba, ba mu kalmar Kabi ɗin mana, mu karɓa da hannu biyu.

Kabawa Ikon Allah: Gulbi gare mu, ba teku ba. Namu kifin da rani yake taruwa, in ruwa ya janye. Nasu da damina. Ba za ta zo ɗaya ba. Amma a riƙa tambayar mu.

Abu Sumayya: Ni tambayata daban ce. Me ya kai mu ɓata lokaci kan fim ɗin da ke cewa teku uwa ce, wai tana haɗiye mijin da matarsa ta ci amanarsa? Wannan camfi ne. Kwaikwayon Indiya ne ma ya lalata mana namu finafinan.

Mai Shirin Asabar: Ɗan'uwa, Kadalamma, wato ɗaukar teku a matsayin uwa, imanin masuntan wurin ne, kuma haka zan faɗa, ba koyar da shi zan yi ba. Wanda ya kalli fim ɗin ya san tsegumin gari da kwaɗayin uba sun gama da gidan nan tun kafin teku ta taɓa kowa. Kalli Sathyan, tsohon sufeton 'yan sanda da ya fito a Palani. Abokan aikinsa sun hana shi shiga jirginsu saboda maganar da ake yi kan matarsa, shi ya sa yake fita shi kaɗai har ruwa ya ci shi. Kalli Sheela da ta fito a Karuthamma, yadda take riƙe kuka a ido ba ta sake shi ba. Wannan ne fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa. Da irinsa muka kwaikwaya, da ba ka yi wannan ƙorafin ba.

Ɗan Yawuri: Madhu da ya fito a Pareekutty, ba shi ne ke cikin fim ɗin farko na Amitabh Bachchan ba?

Mai Shirin Asabar: Shi ne, a 1969. Waƙar baƙin cikinsa a bakin teku kuma Manna Dey ya rera, kiɗan na Salil Chowdhury. Amma mu koma kan kalma, lokaci na tafiya.

Bamaraɗe: A haɗa biyun. Karon farko ka ce: lokacin da teku ke lafawa kifi ya taru, wato kakar kifi. Daga nan ka ci gaba da kakar kifi kawai.

Hajiya Mai Magani: Ya yi. Kakar teku ma ta fi daɗi a kunnena, tunda jatan lande ba kifi ba ne.

'Yar Sabon Gari: Gaskiyar Hajiya. Na janye tawa.

Mai Shirin Asabar: Kakar teku zan yi amfani da ita ranar Asabar, tare da bayanin lafawar ruwa sau ɗaya a farko. Malam, ka ga an ɗauki rabin taka.

Malam Tsohon Hedimasta: Rabin da ba shi da bahar. Ka yi shirinka, ɗana, Allah ya ba da sa'a. Ni dai a rubutuna lafa-bahar zan ci gaba da sawa.

Kabawa Ikon Allah: Ba wanda zai ce kakar teku a Argungu. Amma zan kunna rediyon.