Lens ɗin da za ka saya da maganar nauyin kaya

Abin da na tattaro daga muhawarar da masu ɗaukar hoto suka yi kan lens, wato gilashin da ake ɗaura wa a gaban kyamara, kusan kowa ya yarda kuɗinka ya fi amfani a lens mai kyau fiye da sabuwar kyamara, don kyamara tana tsufa amma lens sai ya kai ka shekaru. Mai farawa aka ce ya nemi lens 50mm f/1.8 (yawan mm na nuna yadda yake jawo abu kusa, ƙaramar lambar f kuma na nufin yana shigar da haske sosai), na Canon nauyinsa gram 160 ne kawai, ga araha ga haske a ɗakin amarya da daddare, sai dai in kyamararka mai ƙaramar sensa ce (ɓangaren cikin kyamara da ke kama hoton) kamar Canon 2000D zai matse hoton kamar 80mm, a falo mai cunkoso sai ka rasa inda za ka ja baya, shi ya sa wasu suka ce 35mm ya fi.

Rigimar ta fi zafi kan lens 70-200mm f/2.8, mai zum, wato mai jawo abin da ke nesa kusa. Wajen kilo ɗaya da rabi fa, ka rataya shi a hawan Daushe tun la'asar ka ji yadda wuyanka ke yi. Amma masu shi sun ce ba ka isa ka matsa kusa da dawakai ba, to dole zum mai nisa, kuma gaskiya suna da hujja.

'Yan ƙaramar kyamara irin Sony RX100 ko Fujifilm X100V sun ce tasu ko a aljihun riga za ta shiga, mutane ma ba sa tsarguwa a kasuwa. Matsalar a biki ce, wasu masu hidima in ba su ga babbar kyamara ba sai su raina kuɗin aikinka. Lokacin hunturu kuma kar ka canza lens a fili, ƙura ce za ta cika maka sensa.