Me ya haɗa bakin mutum da bakin gulbi?

Ɗalibi, Mabera:
Salamu alaikum malamai. Muna cewa bakin gulbi, bakin wuƙa, bakin zane, alhali baki na cin abinci ne. Wani ya ce daga Larabci muka aro wagga dabara. Haka ne? Kuma sauran harsuna ma haka suke yi?

Malamin Larabci, Kanwuri:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba aro ba ne, baki a Larabci fam ne. Abin da muka aro daban. Hadd shi ne kaifin takobi da iyakar abu, jam'insa hudud. Mu muka ce haddi, ga hukuncin shari'a da kuma iyaka. Harf asalinsa gefen abu ne, duba Suratul Hajji aya ta 11, mai bauta wa Allah "ala harfin", wato a gefe, bai tsaya da gindinsa ba. Mu sai ma'anar harafi kawai muka ɗauka, muka cusa wasali tsakanin r da f, muka rufe da i, don kalmar Hausa ba ta son ƙarewa da baƙi. Sahil kuma gaɓar teku ce, daga nan Sahel ta fito, jam'insa sawahil ya ba da Suwahili.

Mai nazarin harsuna, Arkilla:
Allah shi gafarta malam, in ɗora. Harsuna da yawa sukan ɗauko sunan gefe daga jikin mutum, sai dai gaɓar da aka zaɓa ta bambanta. Bazabarme baki ya ɗauka kamar mu: me baki, isa me bakin kogi. Bafillace wuya: daande maayo. Bayarabe kunne: eti odo. A Ibrananci safa leɓe ne, harshe ne wato yare, kuma gaɓar teku. Baturke ma kaifin wuƙa ağız yake ce masa, wato baki, kuma ba wanda zai ce daga Rima ya ji.

Turanci ne ya bi wata hanya. Edge daga tsohuwar kalma ecg ta zo, kaifin makami, danginta Ecke ta Jamusanci, wato kusurwa. Daga kaifi aka faro, aka kai ga gefe.

Kafin ka ce aro ne, ɗan'uwa, duba ko sautin ya dace bisa ƙa'ida, sannan ko akwai hanyar cuɗanya kamar karatu ko fatauci. Kama ta ma'ana kaɗai ba hujja ba ce, nan mafi yawa ke tuntuɓe.

Mai fassara, Gawon Nama:
Wurin aiki kada ka cusa baki ko'ina. Inda ake shiga ko ake yanka, baki. Ɓangaren abu, gefe: gefen takarda, gefen hanya. Tudun da ruwa ke tsayawa, gaɓa. Ƙarshen gona ko ƙasa, iyaka. Kuma a kula da ƙugiya wurin bugawa: baki na magana da k, baƙi na launi da baƙi masu sauka gida da ƙ, su biyun nan tsawon wasali da karin sauti ke raba su.