Kifin nan da Turawa ke ce wa dwarf gourami, me za mu kira shi da Hausa?

'Yan'uwa masu kiwon kifin ado a Gombe da Bauchi, a zo a tsayar da magana guda. Kifin nan mai ratsin ja da shuɗi, kowa da sunan da yake kiransa: wani ya ce mai atamfa, wani ya ce ƙaramar karfasa, mai sayarwa kuma ya karya harshe da Turanci.

Rabin sunan ba shi da gardama. Su kansu Turawan aro kalmar gourami suka yi daga mutanen yankin Indunusiya, inda ake kiwon babban gurami don ci, wanda zai iya haura rabin mita. Tun da aro ce, mu ma mu ara, mu ce gurami. Bakin Bahaushe ba ya tuntuɓe da ita.

Rigimar tana ga ɗaya rabin, wato dwarf. An kawo "ƙaramin gurami" da "ɗan gurami", ni kuwa ban yarda da ko ɗaya ba. Duk wanda ya saba da kiwon tarwada, in ya ji ƙarami ko ɗa, abin da zai zo masa shi ne kifin da bai gama girma ba. Sai ya saya, ya yi ta ɗura masa abinci yana jiran ya yi ƙato, ragowar abincin ta ruɓe, ruwa ya ɓaci. Alhali kifin nan ko ya tsufa da wuya ya wuce santimita 8, galibi ma 5 zuwa 6 ne. Haka Allah ya yi shi a ƙoramu da fadamun shinkafa na Indiya da Pakistan da Bangaladash, kuma wani Bature masanin halittu, Francis Hamilton, ya wallafa bayaninsa a 1822.

Muna da kalmar abin da ya gama girma bai yi tsawo ba: wada. Saboda haka, wadan gurami. Wani dattijo ya ce kalmar ta mutane ce, kada ta zama gori. Baba, na ji, amma ban ga wata da ta faɗi gaskiyar kifin kamarta ba.

"Mai atamfa" ya burge ni, sai dai namijin kaɗai ke da adon, macen fara-fara ce kamar azurfa. "Mai gidan kumfa" ma an kawo, don namijin yakan tara kumfa da guntayen ganye a saman ruwa ya adana ƙwai a ciki. Matsalar ita ce kifin faɗan nan na Tailan shi ma haka yake yi.

Sai mazauninsa. Tanki da kwami duk na masu tarwada ne, a bar musu. Akwatin kifi ya wadatar. Amma wanda ake haɗa kifaye iri-iri a ciki, ina ganin "akwatin gidan yawa" ya fi dacewa, don duk wanda ya zauna gidan yawa ya san abin dubawa shi ne halin maƙwabci. Wadan gurami yana da kunya, yana son ruwa mai kwanciya da ciyayi masu yawo a sama. Ba a haɗa shi da masu cizon fiffike, don yana da wasu siraran zare biyu a ƙirji da yake taɓa abubuwa da su, su ake fara gutsira. Maza biyu kuwa a akwati mai lita 40, faɗa ne kullum har ɗaya ya daina cin abinci. Namiji ɗaya ya isa, da ƙananan kifaye masu sanyin hali.

A tuna da hunturu: yana son ruwa tsakanin digiri 22 zuwa 28, daren Janairu a Bauchi kuwa yakan sauka ƙasa da haka.

Saura kalma ɗaya da ta gagare mu. A kansa, sama da inda yake shaƙar ruwa, akwai wata gaɓa mai lanƙwasa-lanƙwasa da yake shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa kuke ganin yana yawan leƙowa sama, kuma shi ya sa ba a cika akwatin har ya taɓa murfi. An ce huhu, amma huhu na gaiwa ne, wannan daban. Masuntan Dadin Kowa, tarwada ma tana da makamanciyarta. In kun fasa kanta, me kuke kiran jan abin nan mai rassa?